Hayar Inuwa

Shekara tara na yi a Oko-Oba
ina jan igiyar shanun da ba nawa ba.
Na san kukan tirela da asuba,
na san idon san da ya kwana huɗu a tsaye
daga Maigatari zuwa bakin teku,
harshe waje, ƙaho na bugun ƙarfe.
A ƙarƙashin kwano muke ɗaure su,
kwanon da ke toya ƙeya kafin azahar.

Ran da na haɗa kuɗin tumaki shida
da karsana guda mai ɗingishi,
na bi hanyar Epe har kwalta ta gaji.
Can na sami fili wajen Iya Morenike,
tsohuwa mai sayar da bandar kifi.
Ta ce da ni, da Hausarta ta kasuwa:
"Ƙasa na ba ka, itace ban ba ka ba.
Ka taɓa guda, ka kwashe kayanka."

Ni kuwa da gatari na zo a buhu.
Kwakwa ashirin, kashu, mangwaro biyu,
ina zan kafa turke, ina zan ja rumfa?
Na kwana ina lissafin katako,
gatarin ya kwana yana jiran safiya.

Karsanar ce ta raba gardama.
Da rana ta take, ta ja ƙafarta,
ta kwanta a gindin mangwaron yamma,
ta soma tuƙa, ido a lumshe,
numfashi na sauka kamar na jinjiri.
Tara na shekara ban ga haka ba a kara.
Na zauna gefenta, na cire hula.
Gatarin nan, yau shi ke tokare ƙofa.

Kada a ce hanyar ba ƙaya.
Zogale arba'in na dasa a shinge,
tumaki suka yi buɗa-baki da su a yini ɗaya.
Iya ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta jefo mini tsofaffin kwandunan kifi.
Na kifa wa kowane dashe nasa.
Wata uku gonata na warin banda,
amma zogale ya fi ni tsawo.

Da buhun dusa ya yi fiffike ya tashi,
sai na ɗaga kai sama maimakon aljihu:
reshe biyu da safe, biyu da la'asar,
abincin garke na rataye a kaina.
Su kuma suna biya da abin da suka kayar.
Kwakwar da ta daina haihuwa tun kafin zuwana
ta ji taki, ta tuna sana'arta.
Iya na ƙirga 'ya'yan da sandarta:
biyu nata, ɗaya nawa. Ban yi musu ba.

Ruwan Yuni ya zo da fushinsa na Ikko,
ya kwashe garken Barau, maƙwabcina,
wanda ya share filinsa fes kamar faranti.
Nawa, saiwa ta riƙe ƙasa da haƙori.
Washegari ya zo aron dashe, kai a sunkuye.

Raguna huɗu na sayar da layya.
Lantana ta koma makaranta a Gumel,
uwarta ta daina cewa in dawo gida.

Jiya na ga wasu da farar mota,
suna awo, suna kafa turakun siminti
can bayan kashu. An ce gidaje za a yi.
An ce 'ya'yan Iya sun soma jin farashi.
Ban tambaye ta ba, ba ta ce komai ba.
Da yamma dai ta aiko jikanta
da ƙwallon mangwaro biyar a leda.

Na tona rami biyar.
Karsanar, da yanzu ake kira saniya,
ta tsaya tana kallona, maraƙinta a gefe.